Tsofaffin wasannin kasada na kwamfuta, da yadda ake yin su a taro: tambayoyin da aka fi yi mana a Damagaram

Tun da muka fara kunna tsofaffin wasannin kwamfuta a fadarmu ta Sabon Gari, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawowa: daga ɗaliban jami'ar André Salifou, daga masu gyaran salula na wajen kasuwar Dole, har da iyayen da ke son sanin abin da ya zaunar da yaransu wuri ɗaya. Ga su nan na tattara tare da amsoshin da nake bayarwa. Wanda ya riga ya san tarihin, ya tsallaka zuwa tambaya ta huɗu, nan ne maganar take.

Malam, mene ne ma wasan kasada? Irin na harbe-harben nan ne?

A'a. A wasan kasada ba saurin hannu ake nema ba, kai ake sawa. Kwamfuta ta kwatanta maka inda kake: kana bakin wani gida, ga rafi, ga hanya ta yi arewa. Kai kuma ka rubuta abin da za ka yi: shiga gida, ɗauki fitila, buɗe akwati. Ta faɗa maka abin da ya biyo baya. Can gaba za ka ci karo da ƙulli, kamar ƙofa a kulle ko maciji kwance a hanya, ba ka wucewa sai ka gano wane abu cikin kayan da ka tsinta ne zai warware shi.

Kakansu duka shi ne Colossal Cave Adventure. Will Crowther ya rubuta shi tsakanin 1975 da 1976 a kan wata ƙatuwar kwamfuta mai suna PDP-10, da harshen Fortran. Mutumin mai shiga koguna ne, don haka taswirar wasan ta bi wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentaki a Amurka. A 1977 Don Woods, ɗalibi a jami'ar Stanford, ya faɗaɗa shi, ya kai makin wasan 350. Daga nan ya bazu ta ARPANET, kakar intanet, wadda shi Crowther yana cikin waɗanda suka yi aikin gina ta. Babu hoto ko ɗaya a ciki, kuma kalma biyu kawai yake fahimta a lokaci ɗaya: aiki da abin da za a yi wa aikin.

Waɗanne ne kuke kira tsofaffin?

Zork, wanda wasu mutum huɗu suka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1977, kamfanin Infocom ya soma sayar da shi a 1980. Shi ya iya karanta cikakkiyar jimla, ba kalma biyu ba. Mystery House na Roberta da Ken Williams, 1980, wanda ya sa zane a kan kwamfutar Apple II. King's Quest na kamfaninsu Sierra, 1984, inda kake tafiyar da ɗan mutum a allo mai launi 16. Sai Maniac Mansion na 1987 da The Secret of Monkey Island na 1990 daga Lucasfilm, waɗanda suka daina sa mutum rubutu, sai dai ya nuna abu ya danna. Akwai ɗaruruwa bayansu, amma waɗannan su ne iyaye.

Da ma can ba a yin su mutum da yawa?

Waɗanda na lissafa duk na mutum ɗaya ne. Amma tunanin haɗa mutane bai jima ba ya zo. A 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a jami'ar Essex ta Ingila, ya fara wani wasa da ya kira MUD, Richard Bartle ya karɓi aikin a 1980. Duniya ɗaya ce ta rubutu, mutane da yawa a ciki, suna ganin shigar juna da fitar juna, suna magana, suna faɗa. Waɗanda ke wajen jami'ar sai cikin dare ake barinsu su shiga, lokacin da kwamfutar ba ta da aiki. Daga gare shi aka samu zuriya: AberMUD a 1987, TinyMUD da LPMud a 1989, LambdaMOO a 1990, DikuMUD na Kwapanhagan a farkon shekarun 1990. Manyan wasannin intanet na yau, masu dubban ƴan wasa, daga wannan gida suka fito.

Ta ɓangaren hoto kuma akwai Habitat na Lucasfilm, 1986, aikin Chip Morningstar da Randy Farmer, a kan Commodore 64, kwamfutar da ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 ce kacal, ta layin tarho.

Ke nan idan an ce a farfaɗo da tsohon wasa don a yi shi a taro, abu biyu ake nufi. Ko a tada wasan da da ma na taro ne ya mutu saboda an kashe uwar garkensa, wato kwamfutar da ke riƙe da duniyar wasan, ko a ɗauki na mutum ɗaya a buɗe shi ga jama'a. Na farko aikin tono ne da neman izini. Na biyun shi ne mai ciwon kai.

To ina wahalar? Ba haɗa kwamfutoci ba ne kawai?

Haɗa kwamfutoci shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Ɗalibin da ya yi shekara ɗaya yana koyon Python, harshen rubuta manhaja, zai iya sa salula goma su yi magana da kwamfuta ɗaya. Matsalar tana cikin ginin wasan kansa. An gina shi ne a kan cewa mutum ɗaya ne a duniya, kome nasa ne, kome shi yake jira.

Ɗauki misalin fitila. A Colossal Cave da Zork guda ɗaya ce ta kirki a farkon wasa, kuma ba a shiga duhu sai da ita. Idan mu biyar ne, wanda ya riga ya ɗauka, sauran huɗu sun zama ƴan kallo. Idan kuma mai fitilar kuran ya ɗauke masa yana tsakiyar kogo, fitilar ta tafi da shi ke nan?

Ɗauki lokaci. A waɗannan wasanni na rubutu agogo ba ya tafiya sai ka ba da umarni. Batirin fitila da yawan umarninka yake ƙarewa, ɓarawon da ke yawo a Zork sai ka motsa yake motsawa. Kana iya tashi ka yi salla, ka ci tuwo, ka dawo ka tarar da kome inda ka bar shi. To idan mu biyar ne, umarnin wa za a ƙirga? Mai saurin rubutu zai ƙarar wa kowa batiri.

Ɗauki ajiya. Wasannin Sierra sun yi suna wajen kashe ɗan wasa a kan kuskure kaɗan, maganinsu shi ne ka ajiye wasa, in ka mutu ka koma baya. Ba ka iya mayar da duniya baya alhali wasu mutum huɗu suna cikinta sun yi gaba.

Babbar kuwa ita ce ƙullin kansa. Kamar kacici-kacici ne a dandali: da zarar yaro ɗaya ya faɗi amsa, ya mutu ga duk wanda ke zaune. Masu Habitat sun ɗanɗana wannan da kansu. Sun shirya wata farautar dukiya a wani tsibiri, suka yi makonni suna gini, suna zaton za ta riƙe mutane kwanaki. Mutum ɗaya ya gama ta cikin kamar awa 8, da yawa ba su ma samu shiga ba. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo mini da maganar waya da rezo cewa ya ajiye su tukuna, ya fara amsa wannan: me za a yi tarayya a kai, me kuma zai zama na kowa shi kaɗai?

Waɗanda suka yi, yaya suka yi da wannan?

Kowa da inda ya yanka.

Hanya mafi arha ita ce a bar wasan yadda yake, jiki ɗaya, kawuna da yawa. Ana kunna shi wuri ɗaya, kowa yana ganin rubutun, ana shawara, wani ya tura umarni. Wata ƙungiya mai suna ClubFloyd haka take yi tun 2007, suna taruwa a intanet su yi wasa ɗaya tare. Mu ma da ita muka fara, kuma har yau ita na fi so ga sababbi. Ba a taɓa ko layi ɗaya na wasan ba, amma gardamar "a buɗe akwatin" da "a'a, tarko ne" ita ce rabin daɗin. Aibinta, mai baki shi ke jan ragama, mai kunya ya koma zuba shayi.

Ta biyu ita ce ta Sarien.net. A 2009 wani ɗan Holand, Martin Kool, ya sa tsofaffin wasannin Sierra irin su King's Quest da Space Quest da Police Quest su yi aiki cikin burauza, ba sai an sauke kome ba. Idan ka shiga wani ɗaki, za ka ga sauran ƴan wasan da ke ɗakin suna yawo, kana ganin abin da suke rubutawa. Amma kowa da nasa kayan da nasa ƙullin. Ƙofar da na buɗe, a wurinka a rufe take. Wayo ne mai kyau, domin ba abin da ya lalace, sai dai a gaskiya tare kuke kawai, ba tarayya kuke ba. Ba ka iya miƙa wa ɗan'uwanka mabuɗi.

Ta uku ita ce ta MUD: duniya ɗaya ta gaske, abin da na ɗauka ya ɗauku. Don kada dukiya ta ƙare, MUD na farko yakan mayar da duniya sabuwa lokaci-lokaci, kome ya koma mazauninsa. Zuriyar DikuMUD kuma unguwa-unguwa suke sabuntawa, kowace da agogonta. Wannan yana aiki ga faɗa da tara dukiya, amma yana kashe labari. Dodon da ka sha wahala ka kashe da la'asar, da magariba ya dawo yana zaune.

Akwai ta huɗu, wadda a ganina ita ce ta ƙwarai, kuma ita ce mai tsada: a rubuta sabon ƙulli wanda mutum ɗaya ba zai iya warwarewa ba. Kamfanin Cyan ya gwada haka a Myst Online: Uru Live, inda wasu lambuna ba sa buɗuwa sai mutane sun rarrabu sun taɓa alamomi bi da bi cikin ƙayyadadden lokaci. Tarihin wannan wasa ma shi kansa darasi ne: an soke shi a 2004, ya dawo a 2007, aka rufe a 2008, ya sake dawowa kyauta a 2010, daga baya aka saki asalin rubutun manhajarsa ga masu sha'awa.

Na ji ana cewa DOSBox ko ScummVM. Ba su za su haɗa mu ba?

Aikinsu shi ne su sa tsohon wasa ya tashi a sabuwar na'ura. ScummVM, wanda aka fara a 2001, yana kunna wasannin Lucasfilm da Sierra da wasu da yawa, har a salular Android. DOSBox kuma yana kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS, yana ma iya kwaikwayon tsohon tsarin haɗin kwamfutoci na IPX, a kunna shi a kwamfuta ɗaya sauran su shigo ta adireshinta. Amma wannan sai ga wasan da da ma an gina shi da haɗi, kamar Doom na 1993. Ba zai ƙirƙiro wa King's Quest ɗan wasa na biyu ba.

Forfe nawa yake ci? Ka san rezonmu.

Nan ne tsohon wasa ya yi mana rana. Harafi ɗaya bayit ɗaya ne, masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu. Tsohon allo na layi 24, kowane layi harafi 80, in ya cika maƙil bai kai kilobayit 2 ba. Ke nan megabayit ɗaya zai ɗauki allo cike sama da 500, kuma ba wanda ke karanta haka a zama ɗaya. Wasannin Infocom na farko, duk ɗayansu bai wuce kilobayit 128 ba, hoton da ka tura wa wani a WhatsApp yau da safe ma yana iya fin sa nauyi.

Jinkirin rezo ma ba ya cutarwa. Wasan harbi in saƙo ya makara da rabin daƙiƙa an kashe ka. A nan in ya makara da daƙiƙa biyu, ka kurɓi shayi. An gina waɗannan abubuwa ne a zamanin da layin tarho ke kai harafi kamar 30 a daƙiƙa. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, in dai saƙon rubutu yana wucewa, wasan zai wuce.

Sai da intanet dole? In kuran ya ɗauke fa?

Idan wuri ɗaya kuke, ba ruwanku da intanet. Salula ɗaya ta buɗe wifi ɗinta ko da babu forfe, ko a samu ƙaramin akwatin wifi, kowa ya shiga, kwamfuta ɗaya ta zama uwar garke. Ita ce ke riƙe da duniyar: wa ke wane ɗaki, me ke hannun wa. Sauran na'urori tagogi ne kawai.

Ba a buƙatar babbar na'ura. Tsohuwar kwamfutar cinya da aka yar saboda ba ta iya ɗaukar sabon Windows ta isa, a sa mata Linux. Raspberry Pi ma ya isa, da bolt 5 yake aiki, batirin cajin salula zai riƙe shi awoyi. Har tsohuwar salular Android mai manhajar Termux tana yi. Abu biyu ne zan ja kunne a kai. Na ɗaya, a sa uwar garken ta riƙa adana duniyar a kai a kai, kada yankewar kuran ta tafi da aikin dare guda. Na biyu, zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu sun fi kowane ɗan kutse kashe na'ura a garin nan. Kada a ɗora ta kan katifa, a riƙa hure fankarta.

Yayana yana Agadas, abokina yana Kano. Za su iya shigowa?

Za su iya, amma ba kai tsaye cikin kwamfutar gidanka ba. Kamfanonin salula sukan haɗa masu layi da yawa a bayan adireshin intanet guda, don haka kai kana iya fita, na waje ba ya iya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Mafita biyu: ko ku yi hayar ƙaramar uwar garke a intanet, ku yi karo-karo ku riƙa biya wata-wata, ko ku yi amfani da manhaja irin Tailscale ko ZeroTier da ke sa na'urori masu nisa su ga juna kamar ɗaki ɗaya suke. Ta farko wahalarta hanyar biya, domin yawanci katin banki ake nema. Ta biyu ta fi dacewa da ƴan mutane kaɗan da suka san juna.

A kula: tsohuwar hanyar shiga MUD, wato telnet, a fili take tura kome, har kalmar sirri. Kada wanda ya sa kalmar sirrin da yake amfani da ita a wani wuri.

Wasan da ya shekara 40, ai ba mai shi ko? Ba sai mu kwafa ba?

Yana da mai shi. Haƙƙin mallaka ba ya faɗuwa don kamfani ya daina sayar da abu, yana daɗewa shekaru masu yawa, kuma in kamfani ya mutu wani ke gadonsa. Activision ta sayi Infocom a 1986, daga baya wasannin Sierra da dama suka koma hannunta, ita kuma Microsoft ta saye ta a 2023. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne ta haƙƙin mallaka da ƙungiyar OAPI mai kula da shi a Afirka, muna kuma da ofishin BNDA mai kare haƙƙin mawallafa, don haka maganar ba ta Turai kaɗai ba ce. Shi kansa Martin Kool ya samu takardar dakatarwa daga Activision a farkon 2011, kafin daga baya su sasanta a bar masa wasu wasannin. Waɗanda suka tada Habitat kuwa, gidan adana wasanni na MADE da ke Oakland tare da Randy Farmer, sai da suka nemi yardar Fujitsu mai haƙƙin, aka saki asalin rubutun a 2016, wasan ya dawo da sunan NeoHabitat a 2017.

Abin halak ma ya ishe mu. Colossal Cave yana nan da lasisin kyauta tun 2017 da sunan Open Adventure. Beneath a Steel Sky na 1994, masu shi sun sake shi kyauta a 2003, haka ma Flight of the Amazon Queen daga baya. Sannan akwai dubban wasannin rubutu da masu sha'awa suka yi suka bayar, gasarsu ta IFComp tana gudana duk shekara tun 1995.

Dukansu da Turancin Ingilishi suke, mu kuma Faransanci muka yi a lakwal. Ba a iya yi da Hausa?

Ana iyawa, kuma in ka tambaye ni, wannan ne aikin da ya cancanci gumin ɗan Damagaram, ya fi a yi ta lallaɓa wasan wasu. Tun da kundin 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ba a rasa masu magana a kai ba, masu rubuta manhaja da ita ne ba su da yawa. Amma kada a zaci fassara ce kawai. Sashen da ke karanta umarni sai an gina shi sabo, domin Hausa tana da nata hali.

Aikatau yana sauya ƙarshe. Mutum zai rubuta "ɗauki fitila", ko "ɗauke ta", ko "ɗauko fitilar", ko "ɗauka" kawai, duk sai manhaja ta gane abu ɗaya ake nufi, ta kuma san "ta" fitila ce, "shi" mabuɗi ne. Ke nan kowane abu a duniyar sai an rubuta masa jinsinsa. "Kashe fitila" da "kashe kura" aikatau ɗaya ne, aiki biyu. Rabin mutane ba sa sa ƙugiya a salula, za su rubuta "kofa" da "dauki", dole a karɓa. To in an rubuta "baki", na magana ake nufi, ko launi, ko waɗanda suka zo daga tafiya? Sai manhaja ta duba abin da ke ɗakin, in ta rasa ta tambaya. Mu nan muna rubuta ƴ, ƴan'uwanmu na Najeriya suna rubuta 'y, su ma a karɓe su.

Sai abin da mai Ingilishi bai taɓa damuwa da shi ba: ka da ki. Tun a ƙofar shiga sai wasan ya san ko "kana tsaye" zai ce ko "kina tsaye". A wasan taro kuwa kowane aiki saƙo da yawa ne. Mai yi ya ga "ka ba Wance mabuɗi", wadda aka ba ta ga "Wane ya ba ki mabuɗi", sauran ɗakin su ga "Wane ya ba Wance mabuɗi", kuma kowanne yana da na mace da na namiji. In ba ka tsara wannan tun farko da ɗan injin da ke zaɓar wakilin suna ba, za ka rubuta kowace jimla sau shida ko takwas da hannu, ka gaji ka bari.

Game da kayan aiki: Inform, wanda Graham Nelson ya fara a 1993, yana da ƙarfi, amma an ɗinka shi a jikin Ingilishi kuma na mutum ɗaya ne. Twine na 2009 zaɓi ake dannawa, ba a rubutu, don haka duk matsalar aikatau ta kau, ya dace da gwajin farko. Na taro kuwa Evennia nake nuna wa mutane: da Python yake, kyauta ne, yana karɓar haruffanmu, kuma da ka tada shi ana iya shiga ta burauza a ƙofa mai lamba 4001, ko ta telnet a 4000.

In za mu gina namu, a ina za mu kafa labarin?

Ka taɓa ɓata a lungunan Birni? To ka riga ka san taswira mai kyau. Ga duwatsun nan da suka hau kan juna, ga ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, ga Zango inda ayari ke sauka da gishiri da dabino. Kuma rayuwarmu cike take da ayyukan da mutum ɗaya ba ya yi: wani ya riƙe igiya wani ya sauka rijiya, wani ya riƙe akalar raƙumi wani ya ɗaura kaya, wani ya ɗauke hankalin mai gadi wani ya wuce. Irin wannan ƙulli ko kowa ya san amsarsa bai mutu ba, tun da har yanzu sai ka samu wanda zai riƙe maka igiyar, ka kuma amince ba zai saki ba.

Ku fara da ɗaki goma, kada ku ce za ku zana garin duka. Kuma kada a sa sunan mutumin da ke raye ko gidan wani. Abin da ya shafi fada da sarauta a taɓa shi da ladabi, in an ga dama ma a ƙirƙiro gari mai kama da namu a ba shi wani suna.

Ni uba ne. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? Me ke ciki?

Baba, tambayarka a kan hanya take. Babu caca a ciki, ba a sa kuɗi don a ci kuɗi. Yaro karatu yake yi da rubutu tun daga farko har ƙarshe, yana zana taswira a takarda, in na Ingilishi ne yana buɗa ƙamus. Amma ba zan ce duka masu tsabta ne ba. A cikin tsofaffin akwai waɗanda aka yi don manya, masu maganar banza, ba ma kunna su. Da yawa kuma akwai dodanni da matsafa irin na tatsuniya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba ya tambayi malaminsa, ni ba mai fatawa ba ne. Cin lokaci kuwa gaskiya ne, tun zamanin Essex ake kukan ɗalibai na kwana a kai. Mu dokarmu, in an kira salla a tsaya, kuma lokacin jarrabawar BEPC da BAC ba a buɗe wa ɗan makaranta.

Ni mace ce, ba na zaman fada. Da ni a ciki?

Da ke, ƴar'uwa. Daga ɗakinki za ki shiga ta salula, da sunan da kika zaɓa, ba hoto ba murya. Ku ma kuna iya tada taku uwar garken, ku kaɗai.

Idan wani ya shigo yana ɓata wa mutane wasa fa?

Zai shigo, kada ka yi shakka. Richard Bartle ya rubuta a 1996 cewa ƴan wasa kashi huɗu ne: masu neman maki, masu son leƙa kowane lungu, masu zuwa hira, da masu jin daɗin takura wa wasu. Na huɗun ba ya ƙarewa. Zai ɗauki mabuɗin da kowa ke nema ya jefa rijiya, ko ya tsaya bakin ƙofa yana faɗa wa sababbi amsar kowane ƙulli. Wani maganin a cikin manhaja yake: muhimmin abu ya koma mazauninsa in mai shi ya fita ko ya daɗe bai motsa ba, kuma kada a bari a jefar da shi inda ba a ɗaukowa. Sauran maganin na mutane ne. A samu mai unguwa a cikin wasan, wanda zai iya rufe bakin mutum ko ya fitar da shi, a kuma rubuta doka gajera da kowa zai gani ranar da ya fara shiga. Mu ba ma ba da shiga sai wani na ciki ya tsaya wa mutum.

Na yarda. Me zan yi a daren nan?

Sauke Frotz ko wata manhajar karanta wasannin rubutu a salularka, ka nemo Colossal Cave. Ka tara mutum uku ko huɗu, ɗaya ya riƙa karantawa yana juyawa da Hausa, ɗaya ya riƙe takarda da biro yana zana taswira, kowane ɗaki akwati, kowace hanya layi. Kada ku nemi amsa a intanet sai kun kwana a kan ƙullin. Idan kun kai wurin da hanyoyi suka yi kama da juna har taswirar ta rikice, ku riƙa yar da kaya ɗaya a kowane ɗaki don ku bambanta su. Sai bayan kun gama wasa ɗaya a haka za ku sa Python a tsohuwar kwamfutar nan, ku tada Evennia, ku gina ɗaki biyu da ƙofa ɗaya a tsakani wadda ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun tura.